Ni da nake gyara fuskar amare, tawa ta gagare ni

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni mai kwalliyar amare ce a birnin Kano. A Gwammaja aka haife ni, yanzu ina aure a Ɗorayi, kuma a jikin gidan nake da ɗan shagona. Sana'ar nan ta sa ina ganin fuskokin mata daga kusa, ƙarƙashin fitila mai haske, babu hoda babu filta. Abin da nake gani a fuskar 'yan mata a shekarun nan shi ya sa na ce bari in ba da labarin tawa, don hanyar da da yawansu suke kai yanzu ni na bi ta har inda ta tsaya.

Ina ƙaramar sakandare ƙurajen suka fara fito mini. A goshi suka soma, ƙanana masu farin kai, daga baya suka gangaro kumatu da haɓa. A gidanmu ba a ɗauki wannan ciwo ba. Umma ta ce ƙurajen balaga ne, kowa ya yi. Gwaggo ta ce gyaɗa ce, aka raba ni da ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa. Maƙwabciyarmu ta ce dattin ciki ne, a jiƙa mini sassaƙe. Tsofaffi kuwa maganarsu guda ce: a bar ta, ranar da ta yi aure za su baje. Babu wanda ya kawo zancen asibiti, kuma ban ga laifinsu ba. Wa zai yanki kati saboda ƙurji a fuska alhali ana fama da kuɗin maganin zazzaɓi?

Duk abin da 'yan mata suke shafawa na shafa. Makilin da daddare, ruwan lemon tsami, sabulun salo da aka cuɗa da kurkum da zuma, garin darbejiya, farar ƙasa. Da yake kowa cewa yake ƙazanta ce take kawo su, sai na riƙa dirje fuskar da soso har ta yi ja. Ga Yayata, Allah ya ɗora mata son matse ƙurji. In ta ga ɗaya ya nuna ba ta da sukuni sai ta zaunar da ni ta sa farce. Kowane ƙurji in ya tafi sai ya bar baƙin tabo, tabon kuma ya fi ƙurjin daɗewa.

Bayan na gama Kwalejin Sa'adatu Rimi aikin koyarwa bai samu ba, sai na koyi kwalliya wajen wata baiwar Allah a titin gidan zu. Hannuna ya faɗa da wuri. Amma a sana'armu fuskarki ake fara kallo kafin a kalli aikin hannunki. An taɓa kai ni wani gida a Nassarawa in yi wa amarya kwalliyar kamu. Ina buɗe akwati uwar amarya ta shigo, ta dube ni tun daga goshi har haɓa, ta juya wajen wadda ta kawo ni ta ce, "Ita ce za ta yi mata?" Ba ta ƙara komai ba. Na yi aikin, ya yi kyau, an biya ni, amma a adaidaita sahu da gefen hijabi na riƙa share ido har gida.

A cikin satin wata ƙawata ta kai ni wajen mai haɗi, a wani lungu cikin gari. A gabana ta haɗa. Ta juye farin man shafawa a roba, ta zaro 'yan tub guda uku daga kwalayensu ta matse su tas, har tana danne gindin kowanne da cokali don kada a bar komai. Ta ɗiga wani mai daga ƙaramar kwalba marar suna, ta juya har ya haɗe, ta ɗura mini a gwangwanin da aka wanke. Ƙamshi ba a magana. Ta ce, "'Yar nan, safe da dare. In kwana uku ya yi ba ki ga canji ba, dawo ki karɓi kuɗinki."

Ba ta yi ƙarya ba. Wannan nake so a gane, don masu yi wa 'yan mata faɗa kan bilicin sukan yi magana kamar man ba ya aiki. Yana aiki, kuma da sauri. Kafin mako ya zagayo ƙurajen sun kwanta, zugin ya tafi, fuskar ta yi sumul. Da wata ya cika tabon ya dusashe, na yi wani haske da ban taɓa yi ba. Ni ba fari na je nema ba, ƙuraje na je kashewa, amma da farin ya zo ban kore shi ba. Aiki ya ƙaru, masu sallama a ƙofar gida suka ƙaru, a cikinsu har da wanda nake aure yanzu. Umma ma cewa ta yi, "Ai na gaya miki za su wuce."

Sai dai man ya zama ba a rabuwa da shi. In ya ƙare na yi jinkirin sayen wani, sai fuskar ta ɗau zafi, ta yi ta ƙaiƙayi, wasu ƙananan ƙuraje su feso, duk girmansu ɗaya, a kewayen baki da gefen hanci. Ina shafawa su kwanta. A hankali na lura rana ta fara gagara ta, ko tsayuwa bakin murhu sai kumatuna su yi jajir. Wasu siraran jijiyoyi suka bayyana a gefen hancina. Gashi mai laushi ya fito a kuncina. Gaɓoɓin yatsuna kuwa suka tsaya da baƙinsu, sauran hannun ya yi haske.

A watan Afrilun 2020 aka rufe Kano saboda korona. Ina amarya a lokacin. Kasuwa a rufe, ba shiga ba fita, haɗina ya ƙare. Abin da fuskata ta yi a makonnin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Ta kumbura, ta yi ja, ta fara saɓa, ƙuraje a kan ƙuraje, ko ruwan alwala ya taɓa ta sai na ciji leɓe. Maigidana da bai taɓa ganina da ƙurji ko ɗaya ba ya rikice. Hajiyarsa ta ce wannan ba na lafiya ba ne, baki ne ya kama amarya, ta aiko da rubutu da turaren hayaƙi. Na sha rubutun, na yi addu'a, amma ranar farko da aka sassauta dokar aka ce a fita a sayi abinci, ni gidan mai haɗi na nufa. Na shafa, fuskar ta lafa. Sai na ƙara sakankancewa cewa man nan magani ne, tunda rashinsa ciwo ne.

Ciki ne ya kai ni gaban wanda ya san abin. A 2021 na fara zuwa awo. Wata nas dattijuwa tana ɗaura mini abin awon jini sai ta riƙe hannuna ta juya shi, ta kalli yatsun, ta ɗago ta kalli fuskar.

"Malama, me kike shafawa?"

Na ce mai ne kawai na ƙuraje.

"To in za ki dawo, ki zubo mini duk abin da yake taɓa fatarki a leda. Har sabulu. Kuma ki karɓo kwalayen da ake matsa miki a ciki, ba ke kaɗai ba ce yanzu."

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta shige ni. Mutanen Kano in aka ce ciwon fata, asibitin Bela suke fara tunawa, to ni daga wajen awon takarda aka ba ni zuwa ɓangaren likitocin fata na Asibitin Malam Aminu Kano.

Likitar mace ce. Na zazzage ledar a kan teburinta. Ba ta ko kalli hotunan fararen matan da ke jikin kwalayen ba, juya su ta riƙa yi tana karanta ƙananan rubutun gefe, tana nuna mini da bakin biro. Ɗaya an rubuta clobetasol propionate 0.05%. Ɗaya betamethasone, haɗe da wasu sunaye biyu. Ɗaya hydroquinone. Ta ce in riƙe sunayen nan kamar yadda suke a rubuce, don sunan kwali yana canzawa, su ba sa canzawa.

Ta ce biyun farko dangin sitiroyid ne, kuma magunguna ne na gaske da likitoci suke rubutawa ga wasu cututtukan fata masu kumburi da ƙaiƙayi, na ɗan lokaci ƙayyadadde. Clobetasol yana cikin mafiya ƙarfinsu, ba a yi shi don fuska ba. Na betamethasone ɗin nan mai haɗin uku da ake sayarwa a kowane kemis kuwa sitiroyid ne da maganin makero da maganin ƙwayoyin cuta a tub ɗaya, kuma a cikin ukun babu na ƙurajen fuska. Abin da sitiroyid yake yi shi ne ya danne kumburi ya tsuke jijiyoyin jini, shi ya sa ake ganin sumul da haske nan da nan. In aka daɗe ana shafawa sai fatar ta sirance, jijiyoyi su fito, gashi ya tsiro, nankarwa ta keto a jiki, sannan shi kansa ya haifar da nasa ƙurajen. In aka daina, fatar da ta saba da shi ta yi bore. Wanda yake shafe jiki gaba ɗaya da shi kuma yana iya shiga jini ya taɓa sukari da hawan jini. Hydroquinone in aka daɗe a kansa yakan bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu wanda fitarsa ke da wuya. Kwalbar nan marar suna ita ta fi damun ta, don wasu mayukan bilicin akwai sinadarin makuri a ciki, mai lalata ƙoda, mai iya kaiwa ga ɗan da ke ciki.

Daga nan ta zana mini a bayan takarda yadda ƙurji yake samuwa. Kowace ƙofar gashi a fuska tana da 'yar jakar da ke fitar da maiƙo. In aka balaga, sinadaran jiki da ake kira homon sukan sa maiƙon ya ƙaru. Matacciyar fata ta haɗu da shi su toshe ƙofar daga ciki, ƙwayar cutar da dama can tana zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, wurin ya kumbura ya tara mugunya. Ta ce, "Kin ga kwatar layinku in ta toshe da damina? Ko sau goma kika share bakinta ruwa ba zai wuce ba, toshewar tana can ciki." Dirza da soso ƙara fusata fatar kawai take yi. Baƙin kan da ake gani a wasu ƙurajen ma ba datti ba ne, maiƙon ne iska ta taɓa ya yi duhu.

Na ce, "Likita, to a ba ni maganin da zai maye gurbinsa."

Ta ce, "Babu wanda zai yi miki aiki a kwana uku. Duk na gaske sai kin ba shi mako shida zuwa takwas kafin ki fara gani, wata uku kafin mu yanke hukunci a kansa. Kuma da cikin nan, mafi yawansu ba zan ba ki ba."

Watannin da suka biyo baya su ne mafi wuya a labarin nan. A irin nawa ta ga kada a yanke lokaci guda, ta sauko da ni kan wani mai rauni na ɗan lokaci, sannan aka daina ɗungurungum. Fuskar ta sake yin irin na lokacin kulle, ga laulayi. Hasken ya gudu, na koma baƙata har na zarce, tabon da man ya ɓoye duk suka dawo. Na rufe shago na wani lokaci, in fita ta kama in sa niƙabi. 'Yan uwa suna zuwa dubiya suna cewa cikin ne, wai in namiji ne haka yake muni da uwa. Na bar su a haka. Gwangwanin haɗin yana nan a kan madubi da sauran mai a ciki, na kuma san shafa ɗaya za ta kwantar da komai kafin gari ya waye. Maigidana ne ya ɗauke shi wata safiya zai fita, bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Abin da aka bar mini a lokacin kaɗan ne. Man azelaic acid, wanda ake yarda mai ciki ta shafa, yana rage ƙuraje yana kuma dusashe baƙin tabo a hankali. Da farko yana ɗan tsikari na 'yan mintuna sannan ya lafa. Sai abin wanke fuska marar kaushi marar turare, da man da ke riƙe danshi wanda ba ya toshe ƙofar gashi, da man kariya daga rana. Shi ke nan. Ni da teburina yake cike da kwalabe, na koma abu huɗu.

Tsarin da na ɗauka tun lokacin shi nake kai har yau. Sabulu sau biyu kawai yake taɓa fuskata, da safe da kuma dare, da tafin hannu, ba soso. Ruwan alwala ba ya cikin lissafi, ruwa ne zalla. Ba na goge fuska da tawul ɗin jiki, akwai nata daban, kuma dannawa nake yi ba gurzawa ba. Da safe in ta bushe in shafa magani, in bi da man danshi, in rufe da man rana mai lamba 30 ko sama. Da na yi wa likitar gardama cewa baƙar fata ba ta buƙatarsa, sai ta ce ba don ƙuna ta rubuta mini ba, don tabo ne, rana ce take ƙara masa duhu, kuma ranar Kano a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 ba abin wasa ba ce. Wasu mayukan ranar suna barin fari-fari a fuska, sai da na canza kafin na dace. In zan fita bayan azahar sai na sake shafawa, tunda alwala ta wanke na safe.

Ƙananan abubuwa ma na gyara. Man kitso da nake lafta wa gaban goshi shi yake ciyar da ƙurajen wurin, na daina kai shi bakin gashi. Hular da nake sawa ƙarƙashin hijabi da rigar filo ina wanke su a kai a kai, don maiƙon kai da gumi a nan suke taruwa. Duk gajiyar da na kwaso daga gidan biki ba na kwana da hoda. Da hunturu fatar takan bushe ta yi gautsi, sai in ƙara man danshi in rage yawan maganin. Da bazara in koma mai marar nauyi. Man kaɗanya da man kwakwa na bar wa ƙafa da gwiwar hannu. Matsa kuwa an hana ni, kuma Yayata har yau ba ta yafe wa likitar ba.

Na haihu lafiya, alhamdulillahi, mace ce ma, masu cewa namiji ne suka yi shiru. Fuskar ta yi sauƙi sosai, amma da al'ada ta dawo sai manyan nan masu zurfi suka riƙa fito mini a muƙamuƙi, waɗanda ba sa yin kai, sai zugi. Bayan na yaye yarinyar aka ƙara mini ƙarfin magani. Da dare adapalene 0.1%, daidai ƙwayar wake ɗaya ga fuska duka, ba ɗigawa kan ƙurji ba, don aikinsa hana toshewar ne tun kafin ƙurjin ya fito. Aka ce in fara da tsallake dare. A makonnin farko fuskar ta bushe ta ɗan saɓa, ƙurajen ma kamar ƙaruwa suka yi, kuma a nan ne mutane da yawa suke jefar da shi su ce bai karɓe su ba. Da safe benzoyl peroxide, mai kashe ƙwayar cutar. Shi kuma halinsa cin launin tufafi. Akwai wani hijabina ruwan bula da gefen haɓarsa ya koma ruwan goro, tun daga nan farin tawul da farar rigar filo nake amfani da su.

Sai ƙwayar doxycycline ta wata uku. Likitar ta ja kunnena cewa ba a shan ta ita kaɗai kuma ba a zarcewa da ita, don kada ƙwayoyin cuta su saba da ita. Shi ya sa ake haɗa ta da na shafawa, in an gama a ci gaba da na shafawar. Shan nata ya faɗo cikin azumin 2024. Mai ba da magani a famasi ya tambaye ni yaushe nake niyyar sha, na ce da sahur. Ya ce, "Hajiya, in za ki koma barci bayan asuba kada ki sha da sahur. Ana shan ta da ruwa cikakken kofi, kuma ba a kwanciya sai an jima, in ba haka ba ta tsaya a maƙogwaro ta ƙona shi." Ya ce in raba ta da nono da madara da maganin ƙarin jini da awa biyu zuwa uku, don suna hana ta shiga jiki yadda ya kamata. Sai na mayar da ita bayan cin abincin buɗa-baki, furar kuma ta koma sahur. Ƙwayar tana sa fata saurin jin rana, mai ciki kuma ba ta sha. A lokacin magani ya yi tashin gwauron zabi, ga masu sayar da shi an tashe su daga Sabon Gari zuwa Dangwauro, samun wasu sai da nema. Da ƙaramar sallah ta wuce da 'yan makonni, muƙamuƙina ya kwanta.

Akwai maganin da ya fi waɗannan duka ƙarfi, isotretinoin, amma ni ba a ba ni ba, ƙanina aka ba. Yana gyaran waya a Farm Centre. Nasa manya ne masu ruwa, a fuska da baya da ƙirji, wasu sun bar masa tabo mai tudu. Shekaru yana sayen kafso mai ja da rawaya a kemis, ya sha na kwana biyu ya bari. Da ya ga tawa ta gyaru ya ce, "Yaya, ni ma ki kai ni." An yi masa gwajin jini na hanta da kitse kafin ya fara, aka kuma maimaita yana cikin sha. Gwargwadon nauyin mutum ake ba da shi, na watanni. Leɓensa ya tsattsage, da hunturu har haɓo yake yi, kullum da basilin a aljihu. An hana shi ba da jini, an hana shi haɗa shi da doxycycline ko ƙwayar bitamin A, an ce in ya ji ransa yana yawan ɓaci ko ƙunci ya dawo ya faɗa. Bayansa yanzu ya bushe, sai tsohon tabo. Mace kuwa in za ta sha, dole ne a tabbatar ba ta da ciki kuma ba za ta ɗauka ba har sai wata guda ya wuce bayan ta gama, don yana nakasa ɗan tayi mummunar nakasa. Mu da ba mu gama haihuwa ba, likitar ta ce babu dalili. Abin da yake ba ni tsoro shi ne yadda nake ganin ana tallarsa a WhatsApp ana aika wa 'yan mata har gida, wasunsu saura wata biyu biki.

Maganar gyaɗa ma na tambaya, don in kai wa Gwaggo amsa. Likitar ta ce babu hujja mai ƙarfi a kan gyaɗa. Inda bincike ya fi nuna alaƙa shi ne yawan zaƙi da abincin da ke saurin ɗaga sukarin jini, sai madara ga wasu mutane. Na rage lemon kwalba, na koma wa ƙuli-ƙulina. Gwaggo ta ce likitocin yanzu ba su san komai ba.

Yanzu in amarya ta zauna a kujerata na kunna fitila, kafin ta buɗe baki na san ko tana shafa haɗi. Fatar takan yi wani sheƙi marar kauri, hoda ba ta kama ta, in na sa burushi ta ce zafi. Irin wannan ba na yi mata halawa a fuska, haka wadda take kan adapalene, don fatar tana iya biyo halawar. Mai ɗanyun ƙuraje kuma ba na bari a dirje ta da dilka. Burusaina da soson hoda ina wanke su tsakanin amarya da amarya. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, amma a layinmu ban ga mai haɗin da ta rasa ciniki ba, sai ma suna da ya canza, yanzu cewa ake na gargajiya ne zalla ko na 'ya'yan itace. Nakan ce wa yarinya ta karɓo kwalin ta karanta gefensa. In aka ce mata sirrin sana'a ne ba a nunawa, to ta samu amsarta.

Wata amarya ta zo mini da ƙuraje a haɓa da gashi mai kauri da take tsigewa. Muna hira ta ce al'adarta takan yi wata uku ba ta zo ba. Na ce mata wannan ya wuce kwalliya, ta ga likitan mata, don akwai larurar ƙwan mace da ake kira PCOS da ke haɗa waɗannan ukun, kuma irin waɗannan ƙurajen wani lokaci sai da maganin daidaita homon suke jin magana. Ta je bayan biki, ta kira ni ta ce shi ne. Wasu kuwa in na yi irin wannan magana ba sa dawowa, su tafi inda za a ce musu kwana uku. Iyaye sun fi 'ya'yan matsawa, a kawo yarinya saura mako uku ɗaurin aure a ce a fito da ita. Nakan ce abin da zan iya shi ne in rufe da kwalliya ranar biki, magani kuma a fara shi tun ranar da aka sa rana.

Ni dai ban rabu da ƙuraje kwata-kwata ba. Ana gobe-jibi al'ada ɗaya ko biyu sukan leƙo, in sa musu benzoyl peroxide su wuce. Da muka fara maganar yi wa yarinyar ƙani na ajiye adapalene na koma kan azelaic acid, kamar yadda likitar ta ce in yi. Baƙin tabon ya ɗauki fiye da shekara kafin ya dusashe, jijiyoyin gefen hanci suna nan. Ramukan da farcen Yayata da manyan ƙurajen suka bari a kumatuna kuwa babu man da yake cike su. Likitar ta ce akwai aikin da ake yi musu da ƙananan allurai ko da na'urar leza, a yi ta maimaitawa, kuma a baƙar fata sai a hannun wanda ya ƙware don kada wurin ya ƙara duhu. Na tambayi kuɗin, na yi adashi na tara wani abu. Da kwasata ta zo sai na sayi batir da faifan sola na sa a shago, don amare ba sa jiran a kawo wuta.